Kafe ɗan kurmi ne, kada mu wahalar da shi a garkarmu



A cikin shekarar 2024 fari ya taɓa gonakin kafe na ƙasar Barazil da na ƙasar Biyatnam. Waɗannan ƙasashe biyu su ne suka fi kowa noman kafe a duniya. Kaya ya yi ƙaranci, kuɗinsa ya hau. A watan Fabarairu na 2025, a kasuwar birnin Niyok ta Amurka, kilo ɗaya na ɗanyen kafe mai kyau ya kusa dalar Amurka 9, wato fiye da jika biyar na sefa. Ba a taɓa ganin irin wannan tsada ba kafin lokacin.

Labarin kuɗi ba ya kwana wuri ɗaya. Samarinmu da suka je biɗa Kodibuwa sun ga gonakin kafe da idonsu. Masu garka kuma sun ji zancen a rediyo. Sai tambaya ta taso: tun da muna da rijiya, muna da injin ban ruwa, me zai hana mu ma mu shuka kafe? Tambaya ce ta mai hankali, ta cancanci amsa. Tawa amsar ita ce: kada mu yi. Wanda ya san halin wannan icce ba zai zuba masa ruwan rani a Maradi ko Damagaram ko Tawa ba. Ga dalilina.

Kafe, wanda Larabawa suke kira gahawa, ƙaramin icce ne. Gidansa na asali shi ne cikin kurmi, ƙarƙashin manyan itatuwa, inda rana ba ta sauka sai kaɗan kaɗan ta tsakanin ganyaye. A can ya saba. Idan an bar shi a daji yakan kai mita 8 ko 10, amma manoma suna datse shi wajen mita 2 don hannu ya kai ga ƴaƴansa. Ganyensa kore ne shar, mai sheƙi, biyu biyu a jikin reshe, ɗaya yana duban ɗaya. Ba ya kaɗe ganye da rani kamar yadda yawancin itatuwanmu suke yi don su tsira. Wannan kaɗai ya ishe mu ishara. Iccen da yake riƙe da ganyensa shekara duka, yana shan ruwa shekara duka.

Yana da dangi a wajenmu. Masana tsirrai sun sa shi gida ɗaya da giyayya, da tafashiya, da gauɗe. Ku duba inda giyayya take tsayawa: bakin tabki da fadama. Iccen da ake samun kinin daga ɓawonsa, maganin zazzaɓin cizon sauro, shi ma ɗan gidan ne.

Irin kafe na daji sun fi 120, amma biyu ne suka cika kasuwa. Na farko sunansa arabika. Asalinsa kurmin da yake kan tsaunukan kudu maso yammacin Habasha, wajen Kaffa da Jimma. Daga can ya ƙetara Bahar Maliya zuwa Yaman. A ƙarni na 15 sufaye na Yaman suna shan sa don su iya raya dare da zikiri. Mutanen Holan suka kai shi tsibirin Jawa, a 1727 kuma ya shiga Barazil. Arabika yana son sanyi mai daɗi, digiri 18 zuwa 22, a kan tudu mai tsawon mita 1000 zuwa 2000. Na biyu sunansa robusta. Shi ɗan kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, daga Gine har Kwango da Yuganda. Ya fi arabika jure zafi da cuta, ya fi shi ɗaci. Shi ake nomawa a Kodibuwa, wajen Man da Dalowa da Abanguru, shi ne kuma mafi yawan abin da yake cikin garin kafe mai narkewa wanda mai shayi yake zuba mana da safe.

To, shi wannan robusta da ake yabo da jure zafi, zafin da yake jurewa digiri 24 ne zuwa 30, cikin iska mai laima. Mu kuwa a watan Afirilu da Mayu muna wuce digiri 40 a inuwa. Iskar hunturu kuma ta bushe leɓen mutum, balle ganye mai taushi.

Yadda yake fure abin sha'awa ne, ku saurara. Kafe yana bukatar ɗan gajeren rani, wata biyu ko uku. A lokacin nan ƙullin furanni suna fitowa a gindin ganye, su tsaya kamar masu barci. Da ruwan farko ya sauka sai su farka. Bayan kwana bakwai zuwa goma gona duka ta yi fari fat, ƙamshi kamar na furen lemu ya cika wuri. Furen ba ya daɗewa, kwana biyu ko uku ya bushe. Arabika yana iya ɗaukar ciki da garin furensa na kansa. Robusta ba ya iyawa. Sai iska ko ƙudan zuma sun kawo masa garin fure daga wani icce dabam. Saboda haka wanda ya shuka robusta guda ɗaya tak a tsakar gida, ko da ya rayu, ko da ya yi fure, da wuya ya ga ƴaƴa.

Bayan fure sai ɗan ya fara girma. Da fari kore ne, sannan rawaya, sannan ja. Girmansa kamar ɗan kurna. A cikinsa akwai ƙwaya biyu, suna fuskantar juna kamar ɓarin gyaɗa. Su ne ake busarwa, a soya, a niƙa. Daga fure zuwa nuna, arabika yana cin wata bakwai zuwa tara, robusta wata tara zuwa goma sha ɗaya. Ku ƙirga da yatsa. Daminarmu wata uku ce, in Allah ya sa albarka ta kai huɗu. Wato ɗan kafe yana tsakiyar girma ruwa zai ɗauke, ya bar shi da hunturu da bazara.

Yanzu mu yi lissafin ruwa, don a nan maganar take. Robusta yana son ruwan sama milimeta 1500 zuwa sama a shekara, a rarrabe cikin wata tara ko goma. Maradi tana samun wajen milimeta 500. Damagaram da Tawa ba su kai haka ba. Gaya, wadda ta fi kowa ruwa a ƙasarmu, wajen 800 take samu. Mu ɗauki Maradi. Saura milimeta 1000 ke nan da mai garka zai cika da hannunsa. A hekta ɗaya, milimeta 1000 daidai yake da lita miliyan 10. Duro mai lita 200, sai an cika shi sau dubu 50. Ana dasa kafe mita 3 tsakanin icce da icce, wato kamar icce 1100 a hekta. Kowane icce zai sha duro 45 a shekara. Wannan ma lissafin kurmi ne. A ƙasarmu, inda rana da iska suke kwashe ruwa da sauri, abin zai fi haka nesa.

Me icce ɗaya zai biya ka? In an kula da shi sosai, rabin kilo zuwa kilo ɗaya na busasshiyar ƙwaya a shekara. Ana tsinkar jan ƴaƴa wajen kilo biyar kafin a sami kilo ɗaya na ƙwaya. Kuma ba za ka ga komai ba sai bayan shekara uku ko huɗu da dashe. Shekara uku kana sayen mai, kana ja da injin, ba ka sayar da ko tiya ɗaya ba. A cikin wannan lokaci maƙwabcinka ya kwashe albasa ƴar Galmi sau uku, ya aurar da ɗiya, ya sayi sa.

Saiwar kafe ma ba irin ta itatuwanmu ba ce. Ƙananan saiwoyin da yake ci da sha da su, mafi yawansu suna sama sama, cikin santimita 30 na farko. A kurmi wannan wuri yana lulluɓe da ruɓaɓɓen ganye, sanyi ƙalau. A jigawarmu wannan wuri shi ne rairayin da yake ƙona tafin ƙafa da azahar.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja. Zai ce: mangwaro ba ɗan ƙasar nan ba ne. Dogon yaro daga Indiya ya zo, zogale ma haka. Rogo da masara da tumatir daga ƙasashen Amurka aka kawo su. Da kakanninmu sun ƙi baƙon iri, da yau me muke ci? Gaskiya ne. Ni ma ba na cikin masu cewa a tsaya kan gero da wake kawai. Amma ku duba baƙin da suka zauna da mu. Dogon yaro da zogale da mangwaro sun fito daga ƙasar da take da dogon rani da zafi mai tsanani kamar namu. Masara da tumatir kuwa ba su ganin shekara, wata uku ko huɗu sun gama aikinsu. Kafe bai shiga ko ɗaya daga cikin biyun ba. Bai san dogon rani ba, kuma dole ya tsaya a gona shekara ashirin ko talatin, ya haɗu da kowace bazara.

Wani kuma zai ce: ai Yaman ƙasar hamada ce, ga ta tana noman kafe ɗaruruwan shekaru. Haka ne, amma ba a cikin hamadar ake noma shi ba. A kan duwatsu ne masu tsawo, inda akwai sanyi da hazo mai laima, a cikin ƴan gonakin da aka gina hawa hawa don su tare ruwa. Haka kafen Kamaru na wajen Bamenda da Bafusam yake a kan tudu. Haka na tsaunin Mambila a jihar Taraba ta Najeriya. Mu ma muna da duwatsun Ayar, inda Bagazan ya kai mita 2000. Sai dai ruwan sama a can kaɗan ne ƙwarai, darensa na hunturu kuma yana da sanyi mai tsanani, kafe kuwa sanyi mai daskarar da ruwa kashe shi yake yi. In akwai gwajin da za a yi, aikin cibiyar binciken noma ta ƙasa ne, INRAN, da kuɗin bincike. Ba aikin talaka ba ne da kuɗin cefanen gidansa.

Akwai wani labari da ya kamata mu sani, don kada a ce na ɓoye shi. A 2018 masana sun sake gano wani kafen daji a Saliyo, mai suna sitenofila, wanda aka daɗe ba a gani ba. Yana da daɗi kamar arabika, ya kuma fi shi jure zafi. Masu bincike suna sa rai da shi saboda duniya tana ƙara ɗumi. Amma shi ma ɗan kurmin Saliyo ne, ƙasar da ruwanta ya ninka namu sau da yawa.

Ko irin ma wahala ne. Ƙwayar kafe ba ta ajiyuwa kamar gero. Bayan ƴan watanni ta mutu. Wadda aka soya kuwa ta mutu tun a kasko. Don haka idan wani ya zo kasuwa da ƙwaya a leda, ko da ɗan tsiro a gwangwani, ya ce maka wannan kafe ne mai jure rani, riƙe kuɗinka. Je ka tambayi malamin gona ko ma'aikacin gandun daji tukuna.

Sai maganar tsada, wadda ita ta tayar da zancen. Kuɗin kafe hawa da sauka yake yi, manomi kuma ba shi da ta cewa. A watan Yuli na 1989 yarjejeniyar da ƙasashe suka yi don tsare farashin kafe ta rushe. Cikin ɗan lokaci kuɗinsa ya faɗi kusan rabi. Manoman Kodibuwa da na Kamaru suka sha wuya. Da yawa suka bar gonakin cikin ciyawa, wasu suka sare kafen suka dasa koko ko roba. Kodibuwa, wadda a shekarun 1970 ita ce ta uku a duniya bayan Barazil da Kwalambiya, yau tana can baya. Mai albasa in kasuwa ta faɗi bana, baɗi sai ya shuka tattasai. Mai kafe ba ya iya juyawa haka, icce ya ɗaure shi.

Kurmin kansa ya biya kuɗi mai yawa. Lokacin da Kodibuwa ta sami ƴancin kai a 1960, kurminta ya fi hekta miliyan 10. Ƙidayar 2021 ta sami wajen miliyan 3 kawai. Gonakin koko da na kafe da masu yankan katako suka cinye sauran. Abin mamaki, icce ɗan inuwa ne aka sare wa inuwa. An gano cewa a fili yana ba da ƴaƴa da yawa da farko, in an cika masa taki. Daga baya sai ƙasa ta gaji, iccen ya tsufa da wuri. Yanzu malaman gona na can suna roƙon manoma su mayar da manyan itatuwa cikin gonaki. Mu nan mun riga su fahimtar wannan. Tun daga shekarun 1980 manoman Maradi da Damagaram suka koma barin tsiron gawo da kalgo da sabara a gona lokacin sassabe, har aka ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo sun kai hekta miliyan 5. In akwai abin da kafe zai koya mana, bai wuce wannan ba, kuma yana hannunmu.

Ina da magana ga masu tafiya biɗa. Yawancin mutanenmu a Kodibuwa kasuwanci suke yi cikin gari. Aikin gonakin kurmi ya fi yawa a hannun mutanen Burkina da Mali. Amma akwai namu da suke shiga, tun da tsinkar kafe tana farawa ne wajen watan Oktoba zuwa Janairu, daidai lokacin da muka gama girbi. Aiki ne na hannu, ɗa ɗaya ɗaya, ana zaɓar ja a bar kore, ga jajayen tururuwa masu cizo a cikin rassa. Mai gona yakan ba da gonarsa bisa sharaɗin da suke kira abusan: a raba amfani uku, ma'aikaci ya ɗauki kashi ɗaya. Ɗan uwa, a nan karatun da ka koya a ajin yaƙi da jahilci zai yi maka rana. A rubuta sharaɗin a takarda, gaban shaidu, kafin ka sa hannu a aiki. Ranar awo ka tsaya kusa da sikeli, ka karanta lamba da kanka, ka rubuta. Ka kuma sani cewa dokar ƙasar ta 1998 ba ta yarda baƙo ya mallaki ƙasar noma ba. Kada ka ba da guminka na shekara biyar a kan gonar da ba za ta zama taka ba.

Ka kula da feshi. Kafe yana da wani ɗan ƙwaro baƙi, bai kai ƙwayar gero ba, wanda yake huda ɗan ya yi ƙwai a ciki. Yana kuma da cutar tsatsar ganye, wadda ta halaka gonakin kafe na tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, daga 1869. Da can ana fesa wa ƙwaron wani magani mai suna andosulfan. Dafi ne mai ƙarfi. Ƙasashen Sahel sun hana shi a 2007, duniya ta bi baya a 2011. In an ba ka kowane irin magani ka fesa, rufe hanci da baki, sa doguwar riga da takalmi, kada ka ci goro ko ka sha taba kana aiki, ka yi wanka da sabulu in ka gama. Galan ɗin magani ba ya zama galan ɗin ruwan sha, ko an wanke shi sau goma.

Mu da muke gida, haɗuwarmu da kafe a teburin mai shayi ce. Tun 1962 ake sarrafa Nescafé a Abijan, ya bi motoci ya shiga kowane ƙauye. Ban ce haramun ne ba, ban ce guba ne ba. Abin da yake kore barci a cikinsa sunansa kafeyin, shi ne kuma yake cikin goro da shayi. Robusta ya ninka arabika yawan kafeyin. Likitoci sun ce babban mutum mai lafiya zai iya shan miligiram 400 a yini ba tare da cutuwa ba. Kofi ɗaya mai ƙaramin cokali guda na garin kafe yana da wajen 60. Amma wanda ya zuba cokali uku, ya bi da shayi mai kauri zagaye uku, ya ci goro biyu, ya haɗa lissafin duka. Bugun zuciya da rawar hannu da rashin barci daga nan suke fitowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci mace mai ciki da take wuce miligiram 300 a yini ta rage, saboda gudun ɓari da haihuwar jariri maras nauyi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne samarin da suke jefa ƙwayar taramol cikin kafe don su yi noma ko su tuƙa babur ba gajiya. Gajiyar tana nan, jiki ne ya daina jin ta. Taramol mai yawa yana kawo farfaɗiya, yana danne numfashi, yana kama mutum ya kasa bari. Mai shayin da yake haɗa wa yaran mutane wannan, ya kamata mai gari da limamai su kira shi su yi masa magana.

Saura abu ɗaya, ya shafi mata da yara. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2012 ya sami ƙarancin jini ga yara 73 cikin 100 ƴan ƙasa da shekara biyar, da mata 46 cikin 100. Jiki yana gina jini da sinadarin ƙarfe da yake cikin wake da zogale da gero da nama. Kafe da shayi suna hana hanji tsotse wannan ƙarfe in an sha su tare da abinci. Don haka uwargida, kada ki ba ƙaramin yaro kafe, ko da an cika shi da madara. Mai ciki da aka ba ƙwayar ƙarin jini a asibiti ta haɗiye ta da ruwa, ba da shayi ba. Mai son kafensa kuma ya bari sai awa ɗaya ta wuce bayan ya ci tuwo.